Aljihun Farar Rigar Babana

Shekara ashirin da biyu babana ya yi yana aiki a cikin jirgin ruwa mai suna Zumurruda, amma ko sau ɗaya ƙafarsa ba ta taɓa taka ɗakin wuta ba, can ƙasa inda ake zuba wa injin kwal. Da bakinsa ya gaya mini, yana kurɓar shayi a baranda, kuma da alfahari ya faɗa.

"Me zan je nema a can? Ni mutumin sama ne, Tahani."

Amsar nan ta ba ni haushi, don littafina ta tsayar. Ni malamar firamare ce a nan Bur Sa'id, a bakin tekun Masar, kuma na gaji da ganin yara suna leƙen jiragen mai ta taga, ba su san kakanninsu sun ƙarar da ƙuruciyarsu a cikin manyan jiragen fasinja ba. Shi ya sa na zauna na rubuta musu ɗan littafi mai hotuna a kan Zumurruda, jirgin da ya riƙa kai Turawa Bombay yana dawo da su tun kafin yaƙin duniya na biyu. Kowane shafi da ma'aikacinsa: mai gasa burodi, masu wanki, mai goge tagulla, mai kaɗa ƙararrawa. Wata maɗaba'a a Alƙahira ta karɓa, ta ba ni zuwa ƙarshen wata in kai mata komai.

In faɗi gaskiya, ba don yaran kaɗai na yi ba. Don shafi na goma sha huɗu na yi. A nan ne babana, Fahmi Abu Samra, mai hidimar tebur a ɗakin cin abincin manya, yake tsaye cikin farar rigarsa yana miƙa wa 'yan wuta wata baƙar tasa shaƙe da abinci. Tun ina 'yar mitsitsiya nake jin labarin nan. Kullum idan fasinjoji suka tashi daga cin abincin yamma, sai ya tattara ragowar nama da kaza da shinkafa, ya ba bayin Allahn nan masu zuba kwal a ƙasan jirgi. "Tausayi ne kawai," in ji shi. Yanzu ya kai saba'in da shida, zuciyarsa ta fara yi masa gardama, likita ma ya hana shi hawa bene. Burina ya riƙe littafin a hannunsa, ya ga sunansa a buge, kafin ta Allah ta kasance.

Har rigar na ɗauka na kai wa Ustaz Nagi mai zane, don kada ya kuskure ko maɓalli ɗaya. Ita kaɗai babana ya fito da ita daga jirgin, tana nan rataye a kabad ɗinsa, lulluɓe da tsohon zanen gado.

Shafi na goma sha uku ne ya gagara, wato ɗakin wuta. Babu wanda ya taɓa ɗaukar hoto a can ƙasa, don haka Ustaz Nagi ya zana da ka: ƙarti huɗu babu riga, suna washe haƙora kamar masu tallar man goge baki. Ni da ban san komai ba ma raina bai kwanta da shi ba.

"Baba, babu ɗan wuta ko ɗaya da ya rage a garin nan?"

"Duk sun mutu."

Ashe ƙarya yake yi. Mai gadin makarantarmu ne ya tona, ya ce ai tsohon nan mai gasa dankali a bakin jirgin fito, Amm Shahata, a Zumurruda ya yi aiki. Amm ɗin nan kawu ke nan, haka muke kiran dattijo. Sai na tuna cewa tun muna yara babana ya hana mu cin dankalin mutumin nan, wai ƙazami ne, kuma duk ranar da za mu tsallaka Bur Fu'ad sai ya zagaya da mu ta ɗaya gefen titin.

Ranar Talata da aka tashi makaranta na ɗauki zanukan na tafi. Na tarar da shi gefen amalankensa yana juya dankali a cikin tanderun ƙarfe. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, idonsa ɗaya ya yi fari, hannuwansa kuwa baƙi ƙirin har gwiwa.

"Sannu da aiki, Amm Shahata."

"Guda nawa?"

"Ba dankali na zo nema ba. Sunana Tahani, malama ce ni a..."

"Na san ki. 'Yar Fahmi ce ke. Hancin nan naku mai kallon sama ba ya ɓuya."

Na haɗiye, don ni ke da buƙata. Na yi masa bayanin littafin yana ta aikinsa, ko kallona bai yi ba. Da na ɗago masa zanen ɗakin wuta sai ya tsaya, ya karkata kai ya duba da idonsa mai kyau, ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Wane jaki ne ya zana wannan?"

"Ustaz Nagi. A Alƙahira ya yi karatun zane."

"To ki ce masa ya zo ya tsaya gaban ɗan tanderun nan nawa babu riga, minti biyar kacal. Mu da muke buɗe ƙofar wutar da ke tura jirgi sukutum, mu cire riga? Ai fatar mutum saɓulewa za ta yi. Rigar ulu muke sawa mai kauri, Abla, har wuyan hannu. Tsumma a wuya, bakinsa ɗaya a haƙoranka kana tsotsa don kada maƙogwaro ya bushe. Kuma wa ya gaya masa ana dariya a can? In ka buɗe baki toka za ka ci."

Ya kira ni Abla, yadda yara ke kiran malamarsu, amma da gatse ya faɗa. Ban damu ba, na zaro biro. Ya gaya mini awa huɗu ake yi a ƙasa, a huta takwas. Akwai ƙararrawar da ke bugawa duk bayan 'yan mintoci, da ta buga sai ka buɗe ƙofa, ka watsa shebur goma sha biyu, ka rufe, ka koma ta gaba. Ya ce masu tura baron kwal a guje suke tafiya cikin duhu, jirgi yana rangaji da su. Ya kama sandar juya dankalinsa ya nuna mini yadda ake karkatar da fuska idan an buɗe wuta, sai ga tsohon nan ya koma saurayi a gabana. Na cika shafi uku, har na fara jin mutumin ya kwanta mini.

"Na gaban fa?" ya ce, yana nuna takardun da haɓarsa.

Da na sani da na ce babu. Amma alfahari ya ja ni, na ɗago masa shafi na goma sha huɗu.

Ya daɗe yana kallo. Wata mata ta zo sayen dankali ya kore ta da hannu.

"Karanta mini abin da aka rubuta a ƙasa."

Na karanta: "Amm Fahmi mutum ne mai tausayi. Kullum yakan ba 'yan wuta abinci mai daɗi."

Ya juya ya tofar da yawu a ƙasa, dab da takalmina.

"Tausayi. Tasar nan ba kyautar ubanki ba ce, haƙƙinmu ce. Mu masu aikin ƙarfe huɗu zuwa takwas, lokacin da ake raba wa ma'aikata abincin yamma muna ƙasa. Kafin mu fito an wanke tukwane. Shi ya sa a kowane jirgi, tun kafin a haifi ubanki, ragowar teburin manya tamu ce. Shi nasa kawai ya miƙo."

"To ko da haka ne, ai ya miƙo."

"Ya miƙo? Je ki tambaye shi abin da ya faru a teku daga tashar Suwais zuwa ta Adan." Ya ajiye sandar. "Ina da wa, sunansa Mitwalli. Ranar nan shi ya hau karɓo tasar. Yana miƙa hannu jirgi ya karkata, santsi ya kwashe shi, ya dafa abin da ya samu. Ƙirjin ubanki ya samu. Ya ba shi haƙuri sau uku, ina tsaye a bayansa. Ubanki ya juya ya shige. Washegari muka hau, ya fito da tasar cike, har da kaza, ya wuce ta gabanmu ya juye ta a teku. Jibi ma haka. Kwana huɗu, a Bahar Maliya, a watan Agusta, mutum tara muna kwana da busasshen burodi da ruwan shayi. A rana ta huɗu Mitwalli ya faɗi da shebur a hannu. Da asuba aka ɗinke shi a buhu da ƙarfe biyu, aka sake shi a ruwa kafin fasinjoji su tashi."

Fushi ne ya kama ni, ba tausayi ba.

"Kana nufin babana ya kashe ɗan'uwanka?"

"Ban ce ba. Zafi ne ya kashe shi. Amma da yunwa ya mutu."

"Ƙarya kake yi," na ce. Ni da aka yi wa tarbiyyar girmama manya, a bakin titi na faɗa wa tsoho haka. "Hassada ce kawai. Shi ya yi aiki a cikin mutane, ya aurar da 'ya'yansa, ya ilimantar da su, kai kuwa ka fito daga wuta ka koma wuta. Shekara hamsin kana neman wanda za ka ɗora wa."

Bai ko ɗaga murya ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya miƙo baƙin yatsansa ya tsayar da shi dab da takardar, bai taɓa ba.

"Wannan aljihun na ƙirji, jakin naki ne ya ƙaro shi?"

"Daga rigar kanta ya zana. Tana gidanmu."

"Masu hidimar tebur ba su da aljihu a ƙirji, 'yar Fahmi. An hana, don kada cokulan azurfa su yi ƙafa. Je ki duba hotunan da kika tara, sannan ki nemi reza." Ya juya ga tanderunsa. "Matsa, kina tare mini masu saye."

Na koma gida a ƙafa ina zaginsa a raina, tsohon banza mai baƙar zuciya. Na tarar babana yana barcin bayan azahar. Na ce bari in duba hoton, don kawai in tabbatar wa kaina ƙaryar mutumin. Hoton na nan a falo tun kafin a haife ni: mutum goma sha biyu a jere cikin fararen riguna, babana na uku daga dama. Sau dubu nawa na goge masa ƙura? Na sauke shi na kai bakin taga. Babu mai aljihu a cikinsu, har shi.

Na ɗauko rigar na shimfiɗa a kan tebur. Aljihun babba ne, ya fi ƙarfin hankici, kuma da na duba da kyau sai na gane ɗinkin marigayiya mahaifiyata, ƙanana-ƙanana a jere. Na sa reza na farke gefe ɗaya, na ɗaga. Tabo ne a ƙasa, ya koɗe, ya koma ruwan toka saboda wanki, amma yana nan: tafin hannu da yatsu huɗu.

"Wa ya ba ki izinin taɓa kayana?"

Babana ne tsaye a bakin ƙofa da rigar barci, yana dafe da bango.

"Na je wurin Shahata."

"Na gani. Sai ki wanke hannu kafin ki taɓa mini abinci."

"Kwana huɗu, Baba?"

Na zaci zai musa, har ina roƙon Allah a raina ya musa. Sai ya ja kujera ya zauna, ya gyara wuyan rigarsa.

"Ya gaya miki abin da aka yi mini? Bai gaya miki ba, don bai gani ba, su ba sa shiga inda mutane suke. Ƙararrawa ta buga, babu lokacin canja riga, na shiga kai wa fasinjoji gahawar bayan abinci. Shugabanmu Bature ya tsayar da ni a tsakiyar ɗaki, a gaban mutum ɗari biyu, ya sharara mini tsumman tebur a fuska, ya ce in koma ramin kwal wurin 'yan'uwana. Wata mata ta yi dariya har tana share hawaye. Shekara bakwai na yi ina feraye dankali da wanke tukwane kafin in sa rigar nan, Tahani. Shekara bakwai, wani ƙazami ya zo ya shafe ta da hannu ɗaya."

"Ai santsi ne ya kwashe shi."

"Sai ya faɗi. Ƙasa ba ta ishe shi ba?"

"Mutumin ya mutu, Baba."

"Ban kashe kowa ba. Babu tafiyar da Bahar Maliya ba ta cin mutum ɗaya ko biyu."

"Na sani. Shi ma haka ya ce."

Wannan ta shige shi. Ya tsura wa rigar ido. Na tambaye shi me ya sa, cikin duk rigunan da ya sa a shekara ashirin da biyu, wannan ce ya ajiye. Ya ce ba zaɓa ya yi ba. Ranar da ya bar aiki kamfani ya karɓe masu kyau, wannan ce kaɗai ba su so.

"To me ya sa ka ce mini tausayi ne?"

"Me kike so in gaya wa 'yar shekara shida?"

"Yanzu shekarata arba'in da ɗaya."

Ya miƙe da ƙyar. Na kai hannu zan taimake shi ya ture.

"Farar rigar nan ce ta ciyar da ke, ita ta kai ki makaranta har kika iya rubuta littafi. Ki bar shafin nan yadda yake. In kuwa kika taɓa shi, ki cire sunana daga littafinki, kada in gan shi ko a bango."

Mako guda na yi ina jin haushin kowa: shi, da Shahata, da mai gadin da ya tona mini shi, da uwata da ta ɗinka aljihun ta tafi kabari da bakinta a rufe. Ustaz Nagi ya ce in cire shafin gaba ɗaya mana, kowa ya huta. Na kusa yarda. Amma rabin ajina jikokin masu dakon kwal ne da 'yan wuta, kuma ni zan tsaya a gabansu in karanta. Ba zan iya koya musu cewa kakanninsu sadaka suka ci ba, in kuma na yi shiru a kan tasar na bar babana da labarinsa ke nan. Na kai wa Ustaz Nagi rigar a farke, na ce ya sa wa 'yan wutarsa riguna, ya rufe musu baki, sannan ya sake shafi na goma sha huɗu yadda ya gani.

Bayan wata huɗu littafin ya fito. Duk tsawon lokacin nan gida ɗaya muke da babana, ina dafa masa wake da safe, ina ba shi magani, amma maganarsa da ni ba ta wuce "miƙo gishiri" da "rufe taga" ba. Sunan da na yi littafin dominsa babu shi ko a shafi ɗaya, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Wurin Shahata na fara kai kwafin farko. Ya duba ɗakin wuta ya ce shebur ɗin ya yi tsawo, amma ba laifi. Na buɗe na gaba na karanta masa: "Wannan baƙar tasa haƙƙin 'yan wuta ce. Wata rana Mitwalli ya zo karɓa, jirgi ya karkata, ya dafa farar rigar mai hidima. Mai hidima ya ji haushi, ya hana su abincinsu kwana huɗu. Bai kyauta ba."

"Shi ke nan? Ba ki ce ya mutu ba."

"Maɗaba'a ta hana. Sun ce ba a mutuwa a littafin yara."

"Ku dai mutanen sama, kullum akwai wanda ya hana ku." Ya matso. "Ina sunan nasa?"

Na nuna masa sunan Mitwalli. Bai iya karatu ba, amma ya ɗora babban yatsansa a kan kalmar ya danne, ya daɗe bai ɗaga ba. Da ya ɗaga, baƙin gawayi ya zauna daram a kan farar takarda. Bai gode mini ba, ni ma ban ba shi haƙuri ba. Na miƙa masa littafin ya ce me zai yi da shi, in ba naɗe dankali ba.

Na dawo da shi gida, na ajiye a kan teburin baranda kusa da kofin shayin babana, na shige kicin. Ta taga nake leƙensa. Ya yi kamar bai gani ba har shayin ya huce, sannan ya sa tabarau ya jawo shi. Ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan mai gasa burodi har ya ɗan yi murmushi. Da ya iso na goma sha huɗu ya karanta, leɓensa yana motsi, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Sai idonsa ya sauka a kan tabon.

"Wa ya taɓa wannan?"

Karon farko ke nan da ya tambaye ni wani abu cikin wata huɗu. Na fito na tsaya a bakin ƙofa.

"Shahata."

Ya zaro farin hankicinsa, ya naɗe shi a yatsa yadda yake yi wa kofunan gilashi, ya shiga gogewa a hankali. Baƙin ya bazu, ya kama hankicin, ya kama yatsan nasa, bai daina ba.

"Bar shi, Baba. Ba zai fita ba."

Bai ɗago kai ba, yana ta gogewa.

"Ni za ki gaya wa?" ya ce.